Tayar da Za Ta Kai Jirginka Yawuri

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka karanta wannan takarda cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, a sama da ƙasa da kan ruwa, Ya kai ka gida lafiya.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya a nan unguwar Xiaobei ta Guangzhou, kuke sa hannu a kwano ɗaya. To, ka san halin mutanenmu da ɗan fari. Sunan mahaifina ka ci, bakina bai taɓa iya kiransa ba, kuma ban iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana ido cikin ido ba. Alƙalami ba shi da wannan kunyar, shi ya sa na aiko shi.

Jiya a kasuwar taya ka dafa waɗancan masu ƙyallin ka ce, "Baba, taya ai taya ce, mu ɗauki masu arahar mu wuce." Na ce mu tafi, muka dawo gida ba mu sayi komai ba, na kuma lura ka ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Maganata ce na ji ta fito daga bakinka. Ni ma na taɓa faɗin haka, a wannan layin shagunan, lokacin ba ka daɗe da shiga aji ɗaya ba.

Jirgin ruwa ka riga ka saya da guminka, ka sayi inji, ka sayi tirelar da za ka riƙa ɗora shi a kai mota ta ja. Taya kaɗai ta rage, kuma ba za a rufe kwantena ba sai bayan Juma'a. Kana da sauran lokaci. Ka saurari abin da ya same ni, sannan ka koma kasuwar ka zaɓa da kanka.

Ka san Baffanka Sale, yayana, shi ya gaji kwale-kwalen katako na kakanka, da shi yake ƙetarar da mutanen tsallake zuwa kasuwar Yawuri. Da na fara zuwa Guangzhou sarin kaya a kasuwar Shahe, Allah Ya ɗan buɗa mini, ba abin da ke raina kamar in ga na raba Yaya da wannan tsohon katakon da kullum sai an kwashe masa ruwa da ƙwarya. Sai na saya masa jirgin faiba, irin na roba mai tauri, da ƙaramar tirela, don in ruwa ya ja baya da rani a iya kai jirgin wata mashigar, in kuma gyara ya taso a fito da shi tudu. Masu tirelar suka ce su sa mini taya, na ce su bari, zan samo mai sauƙi da kaina.

Alhaji Awudu ne ya raka ni, abokin nan nawa mutumin Kumasi da ke yi mana lodin kwantena, don a lokacin ban san komai a yaren Sin ba sai gaisuwa da godiya. Muka shiga wani shago, muka tarar da mijin ya fita, matar ce a kan kujera da kalkuleta a gabanta. Kafin ta nuna mana komai ta fara tambaya. Me tayar za ta ɗauka? Nauyin jirgin nawa? Da inji a jikinsa ko babu? Hanyar kwalta ce ko ta ƙasa? Ni kuwa tambayoyin suka ishe ni. Ta mirgino wata taya mai kauri ta buga gefenta da tafin hannu. Idona kuma yana can bayan shago, kan wasu tayoyi da aka jera baƙi wuluk, suna sheƙi, farashinsu ƙasa sosai.

Na nuna su. Ta kaɗa hannu tana cewa, "Meyo, meyo," wato a'a, babu.

Alhaji Awudu ya juyo gare ni da Hausarsa ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Alhaji, matan nan ya ce wannan na ƙaramin mota ne, kuma ya daɗe a ajiye. Ya ce ba zai ɗauki jirgi ba."

Na ce masa, "Dabarar 'yan kasuwa ce, so take ta sayar mini da mai tsada. Taya ai taya ce."

Ta sayar mini, tunda na dage. Amma kafin a ɗaure su ta kama hannun rigata, ta sa farce a kan wasu lambobi da ke gefen tayar, ta daɗe tana magana. Alhaji Awudu ya buɗe baki zai fassara, na ce masa ya bari, muna da sauran zagaye a kasuwar Baima.

Da kwantena ta sauka Legas, Yaya Sale da kansa ya je, ya ɗauki hayar a-kori-kura, aka ɗaura tirelar a baya, suka kamo hanyar Arewa. Labari ya riga ya karaɗe tsallake cewa sabon jirgi na tafe. Ummanka ta ce har matan tsallake sun fara zuwa bakin ruwa da yamma suna leƙen hanya.

Tsakanin Mokwa da Kontagora, da rana tsaka, kwalta ta ɗauki zafi, tayar hagu ta fashe. Tirelar ta yi wutsiya, ta fizgi motar zuwa cikin kwazazzabo. Jirgi ya tsinke igiya ya faɗo da ƙirji, ya tsage. Direba ya fita ba ko ƙwarzane. Yaya kuwa kafaɗarsa ta dama ce ta daki ƙofa. Ka sha ganin yadda yake ɗaga hannun nan iya ƙirji in yana addu'a, wataƙila ka ɗauka tsufa ne. A wannan hanyar ya same shi.

Ina cikin shago a Tianxiu ya kira ni daga asibiti. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma har da dariya a ciki. Ya ce, "Ƙanena, jirgi ya kusa gida, sai dai ya ce zai ɗan kishingiɗa a hanya." Na ce, "Yaya, tayar ce?" Ya ce, "Ƙaddara ce. Ka yi mana addu'a kawai." Har yau bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa. Damina ta shigo ta wuce, mutanen tsallake suna shiga tsohon kwale-kwalen, wani maƙwabci ne ke tuƙa musu, mai jirgin yana kwance da ɗauri.

Na koma wajen matar nan da Alhaji Awudu, na ce yau na zo jin abin da na ƙi ji. Ba ta yi mini gori ba. Ta zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunansu, ta jawo taya biyu ta ajiye a gabana. Abin da ta koya mini shi zan ba ka.

Tayar mota da tayar tirela ba ɗaya ba ne, ko da girmansu ya zo daidai. Ta mota an yi gefenta da laushi don mai zama a ciki ya ji daɗi. Ta tirela an yi gefenta da tauri don ta tsaya ƙyam a ƙarƙashin kaya, kada ta riƙa lanƙwasa tana ɗaukar zafi. Ka danna gefen da babban yatsa, za ka ji bambancin. A gefen kowace taya kuma an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Kada ka auna jirgi shi kaɗai. Ka haɗa da inji, da jarkokin mai, da ƙarfen tirelar kanta, da buhunan da 'yan'uwa za su ce ka ɗora musu tunda hanya ɗaya ce, don wallahi sai sun ce. In ka haɗa duka, ka nemi tayar da ƙarfinta ya zarce haka da tazara.

Lambobin da ta sa wa farce kuwa ranar haihuwar tayar ce. Guda huɗu ne a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Waɗanda na saya zanensu cif yake, ba inda ya ci, amma sun shekara da shekaru a sito, an shafa musu mai suna ƙyalli. Waɗanda ka dafa jiya na duƙa na duba su lokacin da kake ciniki. Irin su ne. Ban faɗa maka a gaban mai shago ba don kada in kunyata ka.

Wannan shi ne darasi na farko. Duk wanda ya tsaya yi maka tambaya kafin ya sayar maka da kaya, ka tsaya ka ba shi amsa. Mai son cutarka ba ya ɓata lokacinsa da tambaya.

Za ka ce daga nan na yi hankali. Ban yi ba, na dai koma wancan gefen ne. Da aka liƙe jirgin, Yaya ya fara warkewa, sai na rantse ba zan sake sayen abu mai araha ba. Na bar matar nan da shawararta ta matsakaiciyar taya, na tafi wani babban kanti mai gilashi, na ce a ba ni wadda ta fi kowace tsada. Aka kawo mini wasu irin waɗanda ake kai wa ƙasashen Turawa, da wilinsu na musamman mai walƙiya, har sai da aka sauya ƙarfen da wilin ke zama a kai don ramukan noti su dace. Guda biyu na saya, daidai ƙafar tirelar, don aljihuna bai kai ga ta uku ba. Na aika, ina jin na wanke kaina.

Tayoyin sun yi aiki, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai wata rana ana fito da jirgi daga ruwa, wani guntun ƙarfe da ke binne a laka ya yanka gefen ɗaya. Yankan gefe kuwa ba ya facuwa. Yaya ya kai wa mai facin bakin tasha, ya juya ta, ya juya ta, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wannan lambar ba. Aka tambaya a Kontagora, babu. Aka aika Sakkwato, aka aika Kano, babu. Ko wilin wata motar bai shiga ba saboda ramukan da na sa aka sauya. Ruwa yana ta ja baya, mashiga ta koma nesa, jirgi yana tudu a kan ƙafa ɗaya, awaki suna kwana a inuwarsa. Sai da wata kwantenar ta taso daga nan aka samu ta canji, lokacin kakar kifi ta riga ta wuce.

Ummanka ce ta faɗa mini gaskiya a waya, ita da ba ta taɓa sayen ko tayar keke ba. Ina ta faɗa ina cewa ƙasarmu ba a samun komai, ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, da za ka saya, ka tambayi Yaya kuwa?"

Na ce, "Me zan tambaye shi? Ni ne a kasuwar."

Ta ce, "Kai ne a kasuwar, shi ne a bakin ruwan."

Sau biyu ina yi wa mutum sayayya, ban taɓa ɗaga waya na ce, Yaya, me ake samu a wajenku ba.

Don haka kafin ka koma kasuwa, ka kira Baffanka. Ka ce ya taka wajen mai faci ya tambaye shi wane girman taya da wili ne ba ya yankewa a garin, irin wanda motocin haya da a-kori-kura ke amfani da shi. Ka nemi tayar ɗaukar kaya a wannan girman, ka tabbatar ramukan wilinka irin na gida ne. Ranar da ka maƙale a ƙauye, ko aro ka samu zai kai ka gari. Kuma ka sayi uku, ba biyu ba. Gara matsakaita uku da manya biyu. Ka ɗaure ta ukun a jikin tirelar, da jak da abin kwance noti, kada ka bar su a gida ko tafiyar ta kusa ce.

Na san aljihunka ya yi sauƙi bayan sayen inji, kuma ban ce ka zubar da abin da ya rage ba. Akwai inda ake ragewa ba a cutu ba. Ba sai ka sayi sunan da kowa ya sani ba, akwai masana'antu matsakaita a ƙasar nan da ke yin taya mai nagarta, suna ne kawai ba su da shi. Wili mai ado ba ya ƙara komai, ka ɗauki na ƙarfe wanda aka yi wa rufin hana tsatsa, tunda rayuwarsa a ruwa za ta ƙare. Abin da ba a ragewa shi ne ƙarfin ɗaukar kaya da ƙuruciyar robar. Tayar gwanjo kuwa, ko kyauta aka ba ka a Legas, ka yi godiya ka bar ta a wurin. Ba ka san ramukan da ta faɗa ba kafin ta zo hannunka.

Matar nan tana nan har yanzu, shago na kusa da ƙarshen layi ta hannun dama, wanda ka ga na ɗaga wa hannu jiya. Ta yi furfura, 'yarta ce ke riƙe da kalkuleta yanzu, amma ita ke yanke magana. Ka gaishe ta da yarensu, kai da ka fi ni iyawa. Ka ce kai ɗan mai jirgi ne, za ta gane. Ka yi ciniki sosai, ba ta jin haushin ciniki, rainin hankali ne ba ta so.

Akwai wani kuskuren kuma, ƙarami ne, har Baffanka yana ba da shi a matsayin abin dariya. Wata shekara na je gida hutu, na ce yau ni zan ja jirgi zuwa mashiga. Tafiya ce mai ɗan nisa, rana ta take. Muna isa na juya da baya zan tura tirelar cikin ruwa. Yaya ya ce, "Dakata ta huce tukuna." Na ce mutane suna jira. Ya ce, "Sun saba jira, jiya ma sun jira." Ban saurare shi ba, na tura. Ashe boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da wili ke juyawa a kansu, in ya yi zafi ya shiga ruwan sanyi, zuƙar ruwan yake yi. Ba a jima ba ya yi tsatsa, ya fara kuka, ranar wata kasuwa ya cije gaba ɗaya a tsakiyar gari, daidai gaban masu shayi. Ina tsaye da babbar riga, mutumin da ya zo daga Sin, ana ta yi mini sannu ana ƙunshe dariya. Yaya ya zo ya duba, ya ce da masu shayin, "Ku yi masa uzuri, can ƙasarsu jirgin sama suka sani."

To, ka bar ta ta huce kafin ta shiga ruwa, ka sha shayi, ka gaisa da mutane. Ka riƙa cika boris da giris. Ka duba iska da safe kafin taya ta taka hanya, don ƙarancin iska ne ke dafa ta daga ciki. In tirelar za ta daɗe a ajiye, ka ɗora ta a kan duwatsu, ka rufe tayoyin da tsohuwar tabarma. Tayar tirela ba tafiya ce ke kashe ta ba, zama ne da rana. Za ka ga zanenta sabo fil, gefen kuwa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. In ka ga haka, kada ka yi mata kara.

Tunda muna maganar nauyi, bari in ƙara da wanda ya fi duka. Ranar kasuwa za a taru a kanka. Tsohuwa za ta ce ita kaɗai ce ta rage, ga jikanta ga akuyarta. Wani zai ce shi abokin kakanka ne. Za ka ji kunya, don mun haife ka da ita. Ka san iyakar jirginka kamar yadda za ka san ta tayarka, in ya cika ka ce ya cika, ka yi musu alkawarin dawowa, ka kuma dawo. Rigunan ruwan da ka saya kada su zama matashin kai a ƙarƙashin benci, ka sa kowa ya saka ko zai yi gunaguni. Wanda ya yi fushi da kai a gaɓa zai huce kafin la'asar.

Kada wannan dogon labari ya sa ka ɗauka jirgin Baffanka wahala kawai ya jawo. Da aka samu tayar da ta dace, shekaru ya yi yana aiki ba wanda ya ƙara tunawa da ita. Da shi aka aurar da yayyenka mata na gidan Baffa, da shi aka yi rufin kwano. Mata nawa ya ƙetarar suna naƙuda aka kai su asibiti a kan lokaci, ban san adadinsu ba, na dai san akwai yara a tsallake da ake kira Sale saboda shi. Yanzu jirgin ya gaji, mai shi ma ya gaji, kai kuma ka ce za ka karɓa.

Ranar da ka fara gaya mini, ban ji daɗi ba, kuma ka gani a fuskata. Na so ka zauna a ofishinmu na Tianxiu, ga sanyi ga kujera, ka iya yaren, 'yan kasuwa sun yarda da kai. Na ce a raina, na sha wahala na fito da yaro daga bakin kogi, shi kuma zai koma. Na kai ƙara wajen Alhaji Awudu, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji, mu duka nan kaya muke aikawa gida. Kai ka samu mutum za ka aika, kana kuka?" Tun daga ranar na saki. Yanzu in 'yan Kano suka tambaye ni ina Abba za shi, da ƙarfi nake ba su amsa.

Ba zan raka ka kasuwar ba gobe. Ka je kai kaɗai, ka duƙa ka karanta lambobin da idonka, ka zaɓa. Abin da ka kawo, shi za a sa a kwantena, ba zan kwance ɗaurin in duba ba.

In ka isa, ka fara sauka wajen Ummanka kafin ka je ganin kowa. Ka gaishe da Baffanka, ka ba shi man zafin da na sa a jakarka, ka kuma bar shi ya zauna kusa da inji ranar farko ko da hannunsa ba zai iya ja ba. Ka riƙe salla a kan lokacinta, a tudu ko a ruwa. Ni ma ba zan daɗe a nan ba. Gwiwoyina sun fara ƙin matakalar gadar Xiaobei, kuma na fara yi wa shagon neman mai riƙo. In Allah Ya kai mu, wata rana za ka hango wani tsoho a gaɓa da 'yar jakarsa yana ɗaga maka hannu. In jirgin ya cika, ka wuce abinka, zan jira sawu na biyu.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa, Ya tsare waɗanda za su shiga jirginka, Ya sa ka sauke kowa a gaɓa lafiya. Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Mahaifinka,
Guangzhou.